Babi na Biyar: Garin da Ba a San Ubanka Ba

Kwana uku da saukata a Hartum na shiga motar haya ni kaɗai, ba ɗan rakiya. Na ƙudurta zan je babbar kasuwar Omdurman in sayo katifa da bokiti, in dawo kafin la'asar. Yaron motar, wanda su ke kira kumsari, bai buɗe baki ya ce a kawo kuɗi ba. Yatsu kawai yake ƙyastawa yana bin kujeru ɗaya bayan ɗaya, kowa na miƙa masa. Mai son sauka shi ma sai ya ƙyasta yatsu, kumsari ya yi wa direba alama, mota ta tsaya. Na ga wani saurayi ya ƙyasta wa dattijo mai furfura yatsu don ya miƙa masa canjinsa, dattijon ko a jikinsa. A gidanmu da yaro zai yi wa babba haka, ranar sai an kwana ana maganar tarbiyyarsa.

Da muka zo inda aka kwatanta mini, na ɗaga murya na roƙi direba ya tsaya, da Larabcin littafi, irin wanda na sha bulala a kansa a makarantar soro. Babu wanda ya ji ni. Mota ta wuce. Wata tsohuwa da ke gefena, lulluɓe cikin farin mayafin nan nasu, ta dube ni ta gane baƙo ne. Ta ƙyasta yatsunta sau biyu, mota ta ci birki. Kafin in sauka ta kama hannuna ta haɗa babban yatsana da na tsakiya, ta ce, "Ya waladi," wato ɗana, ta nuna mini yadda ake yi.

Na sayi katifar bayan ciniki mai tsawo, rabi da baki rabi da hannu. Na ɗauko ta a ka har bakin titi, na sami mota, na ƙyasta yatsu a daidai inda ya kamata. Daren nan na kwanta a kanta ina jin wani abu da ban taɓa ji ba a shekaruna ashirin da ɗaya: na fita nema a garin da ba wanda ya san ni, na kuma dawo da abin da na fita nema.

Wanda bai taɓa barin gida ba zai ga kamar wannan ba wani abin faɗa ba ne. Amma a duba yadda muke tashi. A ƙasar Hausa tambayar farko da ake yi wa yaro ita ce, ɗan gidan wa ne? Da amsarta ake auna shi a wurin neman aure, da ita ake ba shi bashi a kasuwa, da ita ake yi masa uzuri idan ya yi laifi. Wannan rufin asiri ne babba, kuma ba na raina shi. Sai dai yana da wani lahani da ba mu cika ambata ba: mutum kan kai shekara talatin bai san iyakar ƙarfinsa ba, domin duk ƙofar da ya tura, akwai hannun wani babba da ya riga ya sassauta masa sakata. Ɗan mai kuɗi bai san ko shi kansa yana da wani amfani ba. Ɗan talaka kuma an gaya masa matsayinsa tun yana goye, har ya yarda. Dukkansu biyu sunan gidansu ne ya yi musu shamaki da kansu.

A baƙon gari wannan suna ba ya sayen ko ƙwayar dabino. Hausawa sun ce giwa a garin wani zomo ce, kuma akasari ana faɗar haka ne don a ja kunnen mai girman kai. Ni na ga wata fuskar maganar. Idan giwa ta koma zomo, to zomo ma ba a san shi da zomanci ba. Kowa daga ƙasa zai fara. A ɗakin da na zauna mu huɗu ne, har da ɗan wani basarake da ɗan mai gyaran keke. Kafin shekara ta zagayo, ɗan mai gyaran keken ne jagoranmu. Shi ya fara iya Larabcin titi, shi ya san ofishin da ake sabunta takardar zama da ranar da layi ke da sauƙi, shi muke tasa wa a gaba idan za a yi magana da mai gidan haya. Ɗan basaraken kuwa, a nan ya koyi dafa wake da wanke tukunya, kuma har yau yana cewa ba a taɓa yi masa gata irin wannan ba.

Kakanninmu sun san wannan makaranta tun kafin a ƙirƙiro fasfo. Fataken goro kan tashi daga Kano da jakuna, su yi watanni a hanya kafin su isa Salaga a ƙasar Gwanja, madugu na gaba, suna ratsa ƙasashen da ba a jin Hausa, suna biyan fito a kowane kogi da kuɗin hanya ga kowane sarki. Yaron da ya bi ayari sau biyu ya dawo, ko a zaman majalisa ana gane shi. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya rasa mahaifinsa yana ƙarami, kuma yana saurayi ya bi hanyar nan har Akra, inda mahaifiyarsa ta koma da zama. A bakin teku ya ga jiragen ruwa suna ɗaukar kaya, ya lissafa cewa goron da jaki ke kai wa Kano a watanni, jirgi zai kai shi Ikko a kwanaki. Yana cikin Hausawan farko da suka bi da goronsu ta ruwa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, mutumin da ya riga ya saba da ma'auni da lissafin kamfanonin bakin teku bai tsaya kallon ikon Allah ba. A 1929, da aka buɗe banki a Kano, kuɗin azurfa ya kai ajiya a kan raƙuma ashirin. Ana yawan ba da labarin raƙuman. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yaron nan maraya a kan hanyar Gwanja, wanda ba shi da sunan da zai jingina da shi sai abin da hannunsa da kansa suka iya.

Wannan ɓangaren dogaro da kai ke nan. Ɗaya ɓangaren, wato buɗewar ido, ya fi shiga a hankali, kuma ya fi wuyar bayani.

Azumina na farko a Sudan ya same ni a hanyar Wad Madani cikin motar safa. Ana saura 'yan mintuna a sha ruwa sai muka ga mutane sun tsaya a tsakiyar kwalta, wasu sun miƙe rawunansu sun tare hanya. Gabana ya faɗi, domin a inda na fito, wanda ya tare hanya da magariba ba alheri ya kawo ba. Direba ya tsaya yana murmushi. Ashe mutanen ƙauyen ne suka fito kamun baƙi. Sun shimfiɗa tabarmi a gefen titi, kowane gida ya fito da tirensa, ga dabino, ga dafaffen wake, ga asida da miya, ga wani jan abin sha mai tsami-tsami da ake yi da tsiron dawa, wanda suke kira hilu-mur. Wani dattijo ya riƙe hannun rigata yana rantsuwa ba zan koma mota ba sai na ƙoshi. Ba su tambayi sunana ba, balle garinmu. Mun yi salla tare a kan rairayi, muka hau mota muka tafi.

Na tashi ina jin cewa mu ne ƙarshen karamci, kuma lallai muna da shi. Amma daren nan na ga karamcin da ya fi namu ƙarfin hali, a wurin mutanen da ba su fi mu wadata ba. Daga nan tambayoyi suka fara zuwa. In har wasu Musulmi, masu bin mazhabar Malikiyya kamar mu, masu karanta littattafan fiƙihun da muke karantawa, suna yin abu daban da yadda muke yi, to wane ne addini a cikin abin da na taso da shi, wane ne kuma al'adar unguwarmu kawai? Wanda bai fita ba, da wuya wannan tambaya ta zo masa, domin bai taɓa ganin abin da zai gwada nasa da shi ba. Shi ya sa ake kiransa kifin rijiya. Ba wauta ke damun kifin ba, bangon rijiyar ne iyakar abin da aka nuna masa.

Inda tambayar ta fi cizona shi ne kan karatun mata. A Omdurman akwai jami'ar mata zalla da ake kira Ahfad. Asalinta wata 'yar makaranta ce da Babikir Badri ya buɗe a garin Rufa'a a 1907, ya fara da 'ya'yansa mata da na maƙwabta. Mutumin nan ba ɗan mishan ba ne, ba kuma yaron Turawa ba. A ƙuruciyarsa ya yi yaƙi a rundunar Mahadi. Ya sha suka daga mutanensa, bai fasa ba. Zuwa 1952 Sudan ta sami likita mace, Khalida Zahir, a 1965 kuma Fatima Ahmad Ibrahim ta shiga majalisar dokoki. Da na kwanta zazzaɓi, likitar da ta duba ni mace ce cikin mayafinta, kuma da lokacin azahar ya yi na ga ta shimfiɗa darduma a kusurwar ofis. Na tuna ƙannena mata a gida. Na kuma tuna cewa mu ma muna da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta tsara 'yan taru da jajinsu suna kai ilimi ƙauyuka tun ƙarni na 19. Sai da na je wata ƙasa na ga abin yana tafiya da ƙafafunsa, sannan na ɗauki tarihin gidanmu da muhimmanci.

Ba ni kaɗai wannan ya faru da shi ba, kuma waɗanda ya faru da su kafin ni sun canza ƙasa da shi. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, tare da Nnamdi Azikiwe. Labarin wannan tafiya ne ya zama littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. A can ya zauna da Lugga, Baturen da ya ci ƙasar Hausa da yaƙi, ya gaya masa abin da ke damun Arewa, daga baya ma ya bi shi da wasiƙu. A wancan zamanin, mutum kan cire takalmi ya durƙusa idan ya hango Joji, wato Baturen mulki. Ka ga kuwa wanda ya zauna a kujera ɗaya da ubangidan su Joji ya faɗi ra'ayinsa, ba zai dawo da irin tsoron da ya tafi da shi ba.

Abubakar Tafawa Ɓalewa ya je Landan karatun koyarwa a 1945, Malam Aminu Kano ya bi sahu a 1946. Sun tarar da Ingila ta fito daga yaƙi a jigace, ana rabon abinci da kati. Sun ga Bature yana share titi, Bature yana dakon kaya a tashar jirgi, sun tarar talakawa sun kayar da Churchill a zaɓen 1945 duk da shi ya jagorance su suka ci yaƙi, kuma sama ba ta faɗo ba. Malam Aminu ya dawo ya kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948, daga nan ya shiga gwagwarmayar NEPU. Tafawa Ɓalewa, mai sanyin hali, ya miƙe a majalisar Kaduna a watan Agustan 1950 ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul, a lokacin da sukar tsarin sarauta a fili abu ne da ba a saba ji ba. Hanyoyinsu sun rabu, ɗaya ya zama firayim minista, ɗaya ya zama jagoran adawa. Amma ina ganin abu guda suka gano a waje: tsarin da aka haife su a ciki mutane ne suka yi shi, saboda haka mutane na iya gyara shi.

Akwai kuma abin da zaman waje ke nuna maka game da kai kanka a matsayin Bahaushe. A Sudan akwai Hausawa da yawan gaske, jikokin mahajjatan ƙafa da suka yada zango a hanyar Makka suka zauna, da jikokin waɗanda suka yi hijira bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da jama'arsa, har suka kafa garin da ake kira Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, guminsu na cikin abin da ya raya su. Na je garin sau ɗaya. Wani tsoho ya ji ina Hausa ya kira ni, ya ce, "Yaro, daga gida kake?" Shi a nan aka haife shi, a nan aka haifi ubansa, bai taɓa taka Nijeriya ba, amma gida yake kiranta. Hausarsa da kalmomin da rabona da jin su tun kakata na raye. Bai tambaye ni ko ni Bakano ne ko Bakatsine ko Bazazzagi ba, bai kuma damu da ko daga Nijar nake ko Nijeriya ba. Duk bambance-bambancen nan da muke ɗaga jijiyar wuya a kansu a gida, daga nesa ba a hango su.

Ba duka ne daɗi ba. Na ji an kira ni da sunan da ake kiran mutanenmu da shi cikin raini. Na tsaya a layi an wuce da wanda ya zo bayana saboda fatarsa ta fi tawa haske. Ranar farko na koma ɗaki na kasa cin abinci. Amma wannan ma ya koya mini abu biyu. Na farko, na koyi tsayawa in ce, cikin ladabi da murya a kwance, ni ne a gaba, kuma sau da yawa sai a ba ni haƙƙina har da neman afuwa. Na biyu ya fi zafi: na tuna yadda mu ma muke kiran wasu ƙabilu a garinmu, da yadda muke yi wa baƙon da Hausarsa ba ta nuna ba dariya. Tun daga lokacin bakina ya yi nauyi a kan irin waɗannan sunaye.

Kada a ɗauka duk wanda ya ƙetare iyaka ya sami wannan rabo. Na san waɗanda suka yi shekara biyar a Hartum ba su taɓa cin abinci a gidan Basudane ba. Daga ɗaki sai aji, daga aji sai majalisar 'yan gida, ana tuwo ana hirar siyasar Kano. Zango abu ne mai albarka. Tun zamanin fatake, mai masauki ne ke karɓar baƙo, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa a ciniki, kuma har yau a Kumasi ko Akra Bahaushe ba ya kwana a titi. Amma an yi zango ne don a huta a ci gaba. Wanda ya shige cikinsa ya rufe ƙofa, jikinsa ne kawai ya yi tafiya. Yanzu ma abin ya fi sauƙi, tunda da waya a hannu mutum na iya kwana a Alƙahira ko Landan alhali ransa bai bar unguwarsu ba ko na awa ɗaya.

Akwai kuma wanda ke dawowa da raini, komai na gida ya zama abin ƙyama, ba ya buɗe baki sai ya ce a can ba haka ake yi ba. Shi ma a ganina bai ƙaru ba, rijiya kawai ya sauya. Sannan akwai waɗanda zaman waje ke karyawa, kuma su ne suka fi ba ni tausayi: yarinyar da dillali ya kai aikatau ya karɓe mata fasfo, saurayin da ya bi hamada ta Agadas ya ƙare a hannun masu garkuwa a Libiya, mai zama ba takarda da ke ɓuya duk lokacin da ya hango ɗan sanda. Wanda ke cikin tsoro dare da rana ba ya koyon komai sai tsoro. Kafin baƙunci ya zama makaranta, sai mutum yana da takardunsa a hannunsa, yana da abin da ya je yi, yana kuma da ikon komawa gida ranar da ya so.

Na dawo bayan shekara huɗu da jaka ɗaya da kwalin littattafai. Wata biyu da dawowata aka fara maganar cire ƙanwata daga makaranta, tana aji biyar na sakandare, saboda wani ya fito. A da, irin wannan magana ko a mafarki ba zan sa baki ba. Ta manya ce. Na bari aka yi sallar isha'i, na sami mahaifinmu a zaure tare da ƙaninsa. Na cire takalmi, na durƙusa, na gaishe su.

Na ce, "Baba, ina neman izini in yi magana a kan Yarinya." Haka muke kiranta a gida, don sunan kakarmu gare ta.

Baffa ya dube ni ya ce, "Kai kuma yaushe ka fara shiga wannan?"

Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baffa. Abin da na gani ne nake so in faɗa, hukunci naku ne."

Na ba su labarin likitar da ta duba ni da dardumarta, da na Babikir Badri da 'ya'yansa. Na ce saura shekara ɗaya ta gama, kuma in an yarda, kuɗin jarrabawarta da na littattafai a wuyana, tunda na fara koyarwa. Muryata ba ta yi rawa ba, ban kuma ɗaga ta ba. Baba ya daɗe yana jan carbi bai ce komai ba. Can ya ɗago ya ce, "Je ka kira mini ita, in ji daga bakinta."